Ɗingishin Larai

Ku gyara zama, 'ya'yan albarka. Akwai wadda ta aiko tana tambaya wai mi ya haɗa mage da maganar aure. Ɗiyata, a gidanmu sun haɗu, har saura ƙiris su raba jikata da wanda take so. Bari in kwance maki zaren tun daga bakinshi.

Ni ce Hajiya Gambo ta unguwar Zariya, nan Maraɗi. Haihuwar Tibiri ce ni, aure ya kawo ni birni. Ban yi lakwal, makarantar boko, ko ta wuni ɗaya ba, amma abin da ya shiga kaina ya shiga ke nan. Wanda ya zo mani barka ina sane. Wanda ya zo gaisuwar mutuwa ina sane. Wadda kuma ta aiko direba ya tsaya bakin ƙofa ya ce "Hajiya na gaisuwa", ita ma ina sane. Ba ni faɗa, ajewa nike.

Ina zaune wurin Sa'idu. Autana ne, shi ya sa kuka ji na kira sunan gatsal. Atamfa da shadda yake fatauci, yau yana nan gobe ya ƙetare iyaka. Matarshi Safi, mace ce mai tsafta da iya girki, sai dai kunnenta kamar ƙofar kasuwa yake, kowa ya zo ya shiga. Ɗiyarsu ta fari ita ce Mansura, ƙawata, abokiyar faɗana. Ta gama karatunta, ta kama ɗinki, yanzu rabin matan unguwa ita ke yanka masu kayan biki.

Sai Larai.

Larai mage ce, fara sol, kunne ɗaya baƙi, tafin ƙafafunta ma baƙi kamar an sa mata lalle ya kama. Ranar wata Laraba ta shigo gidan nan ina cikin takabar Alhaji, 'yar mitsitsiya, ƙashin haƙarƙari waje. Waɗanda suka ci tuwon gidan nan shekara da shekaru suka yi addu'a suka watse. Ita ta hau tabarmata ta kwanta bisa ƙafata, ba ta sauka ba har na fita takaba. To ku gaya mani, wanda ya yi maka haka, ka bar shi?

Masu neman Mansura biyu ne da ake lissafi da su. Akwai Habib, ɗan gidan wani babban Alhaji mai manyan motoci na ɗaukar kaya, abokin cinikin Sa'idu. Yaro ne mai ƙamshi, ba ni ƙarya. In ya zo ba shi fitowa daga mota, sai ya sauke gilashi, sanyin ciki ya bugo ka. Uwarshi ce mai aiko direban nan da na gaya maku. Sai Maiwada, ɗan Jiratawa, manomin rani, mai zogale da tattasai da albasa bakin ruwa. Dogo, baƙi, hannu kamar faifai, ga kunya kamar ta kashe shi. Shi Mansura ke so. Ba ta taɓa faɗi da baki ba, amma in waya ta yi ƙara ta duba ta ga shi ne, sai ta ɗinke hannun riga a wuya.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yake zuwa bisa moto. Sai ya tura moton cikin zaure saboda yaran unguwa masu karya madubi, su kuma su zauna waje bisa benci ƙarƙashin iccen bedi. Kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba. Kullum akwai ƙunshi ɗaure bayan moto: zogale ɗanye, da bandar tarwaɗa cikin takardar siminti, don ya ji ance ina son miyar kifi. Amma don kunya ba shi iya kwancewa ya miƙo. Nan zai bar shi ɗaure har su gama zance, in ya tashi tahiya ya ce da Mansura yana kallon ƙasa, "Akwai ɗan saƙo na Hajiya." Ita ta kwance ta shigo da shi.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci.

Wata Asabar na tashi na ga Larai na ɗingishi, ta ɗage ƙafar gaba ta dama. Na kama ta na lalube tsakanin yatsu ko ƙaya ce, ba ƙaya. Na matsa ƙashi, ba ta yi kuka ba. Na shafa mata man kaɗe, ta bi shi ta lashe tas, ta kalle ni ko akwai ƙari. Kafin tsakiyar sati ta warware, tana bin ƙadangare bisa katanga. Na ce alhamdu lillahi.

Wata Asabar ɗin, ga shi ya dawo. Amma wanga karon ƙafar hagu.

Ta sake warkewa. Ya sake dawowa, ƙafar baya. Ɗingishi mai yawo, yau nan gobe can.

Safi ta zo da ƙwayar ciwon kai za ta niƙa ta zuba mata cikin madara. Mansura ta ce a'a, a bari ta kai ta wurin likitan dabbobi tukuna. Ta naɗe ta cikin tsohon zane, ta hau kabu-kabu da ita, mage na ihu mai moto na dariya. Da ta dawo ta zube bisa kujera ta ce, "Inna, Allah ya tsare. Ya ce da an ba ta maganin mutane da yanzu ana gina mata rami. Mage ba ta ɗaukarshi."

"To mi ya ce yana damunta?"

"Ya ce ƙuna ce a tafin ƙafa. Don fatar baƙa ce shi ya sa ba mu gani ba. Ya ce a wanke da ruwa mai tsafta, a shafa wanga, a hana ta lasa. Kuma a nemo inda take taka wuta, in ba haka ba ba za ta daina ba."

Safi na tsaye da ludayi. Ta ce, "Ƙuna?"

"Ƙuna, Mama."

"A gidan nan? Da gas nike girki, ƙofar madafi a rufe. Murhun gawayi ban hura shi ba tun salla. Dutsen guga yana ɗakin ɗinki, can ma ba ta shiga. Ƙuna babu wuta?"

Na ga lokacin da idonta ya sake. Da likitan nan ya san abin da kalmarshi za ta haifa, da ya ce ƙaya ce.

Ba a kwana biyu ba ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta sha ɗaurin kallabi har bisa gira, irin na ranar da take da magana. Ta durƙusa.

"Inna, ina son ki ji wani abu."

Ta danna. Muryar Tsahara ce, ƙanwar uwarta da ke Tibiri, wadda ba a taɓa kai mata mafarki ta ce alheri ne ba.

"Safi, ina gaya maki, mage tana ganin abin da mutum bai gani. Ƙuna ba wuta, kuma tana canza ƙafa? Ki lissafa ranar. Wa ke zuwa gidan kafin ta fara? To wannan yaron na Jiratawa, kin san kakanshi Ɗanasabe har ya mutu bai kalli gabas ba, da kan gidansu da komi. Abin gidansu ne ke biyo shi. Magen ce ke tare maku. Ranar da ta gaji, kan wa zai sauka? Ni dai na faɗi."

Safi ta kashe. Ta ce, "Inna, na lissafa. Duk Juma'ar da ya zo, Asabar sai ta yi ɗingishi. Juma'ar da bai zo ba, da suka yi dashen albasa, lafiya lau ta wuni."

Gaskiya ne kuwa. Ni ma na lissafa tun kafin ita. Abin da ya hana ni magana ke nan.

Na ce, "Safi, yaron nan ba daga masallaci yake zuwa nan ba?"

"Shi dai yana salla. Amma jini fa, Inna."

"Jini? Kawo kunnenki. Duk wanda ke shan ruwan Gulbin nan, in kin tona bayanshi kaka biyu ko ukku, sai kin iske tukunya ƙarƙashin icce. Har gidanku. Ni na san kakar Tsahara, na san abin da take yi ranar da aka yanka jan zakara. Kar ki sa in buɗe baki."

Na ga dai ba ta yarda ba. Ta tashi tana cewa, "Ni dai yarinyar nan nike ji." Kun san ɗiyar fari ce, ba ta kama sunanta.

Ban ga laifinta duka ba. Uwa ce. Sai dai na san akwai ƙamshin motar Habib cikin tsoron nan, ko ita ba ta sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi Sa'idu ya dawo daga tahiya. Ko wanka bai yi ba aka tare shi da magana. Can sai ga shi ɗakina, ya cire hula ya aje bisa gwiwa.

"Inna, ni ban yarda da zancen Tsahara ba."

"Madalla."

"Amma gida ya ƙi zama lafiya. Safi ba ta barci. Kuma kin san tsakanina da Alhaji, sun daɗe suna taɓa ni da maganar Habib ina kaucewa. Na ga abin da ya fi, gobe in yaron nan ya zo a ba shi haƙuri. Magen kuma Tsahara ta ce a kai mata ita Tibiri, ta san inda za ta sake ta."

Na dube shi tun daga hula har takalmi. Na ce, "Sa'idu, ka ba Alhaji baki?"

"Ban ba shi ba."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ban ba shi ba, Inna."

"To ka ba ni goben. In rana ta faɗi ban nuna maka wutar ba, ka sallami yaro. Amma Larai, duk wanda zai kai ta Tibiri sai ya haɗa da ni cikin buhun."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ban yi ba, ya maida hularshi ya fita.

Yana fita Mansura ta faɗo. Ashe tana bayan labule. Ido ya yi ja, ga tef ɗin awo rataye a wuya, ga zare manne a zane.

"Inna, kin ji ko? Saboda mage! Mutum da mutuncinshi a kore shi saboda mage!"

"Ke, sassauta murya. Magen ta fi ki hankali, ita ba ta kuka sai an taka ta."

"Ni wallahi in aka kore shi..."

"Sai mi? Ki sha maganin ɓera? Larai ta cinye ɓerayen, ba mu aje shi. Zauna."

Ta zauna. Waya ta yi ƙara a hannunta. Ta duba ta kife.

"Mijin nawa ne? Sa mani in ji."

Ta danna tana share hanci. Muryarshi ƙasa-ƙasa, ana jin injin ban-ruwa bayanshi: "Mansura, barka da aiki. Ya jikin Larai? Na ce ko a daina barinta fita tsakar rana, ƙasa na da zafi. Ki gaida Hajiya, ki ce gobe in Allah ya so akwai manya, na sa an aje mata."

Ka ji. Ana shirin korarshi, shi yana tambayar jikin mage.

Na ce, "Kar ki gaya mashi komi. Ki ce ya zo yadda ya saba. Ki sa leshin nan ruwan ƙwai da kika ɗinka, ki sa kwalli. In kika fita da wanga idon zai zaci ni na mutu."

Da ta fita na ɗauki Larai na ɗora bisa cinya, na shafa mata maganin likita, na riƙe ƙafar don kar ta lashe. Na shiga tunani irin nawa. Mi ke shigowa gidan nan ranar Juma'a wanda ba shi shigowa sauran ranaku? Abu ukku: Maiwada, da motonshi, da ƙunshinshi. Shi Maiwada waje yake zama, Larai ko kallo bai ishe ta ba. Saura biyu.

Sai na tuna wani abu. Duk ranar da Mansura ta kawo mani kifin nan, takardar a yage take ta gefe ɗaya, kuma kullum wutsiyar kifi ɗaya a gutsure. Ina cewa hanya ce, gargada ce ta Jiratawa. Na ma taɓa cewa a raina yaron kirki amma bai iya ɗauri ba.

Na dubi Larai. Ta lumshe ido kamar malamar da ta gama wuridi.

Na ce, "Munafuka."

Kun san abin da ya sa ba wanda ya taɓa gani? Kunya. In saurayi ya zo zance, uwa ta shige ƙuryar ɗaki. Uba in yana gida ya bi ta ƙofar baya ya yi masallaci. Ba mai bi ta zaure, kar a yi ido huɗu da suruki. Su kuma masu zancen suna waje, ko gobara aka yi bayansu ba su sani ba. Zaure ya zama ba kowa. Mutum ɗaya ce a gidan nan da kunyar suruki ba ta kama ba, don kaka ba ta da suruki, sai miji. Ni ke nan. Ni kuma gwiwa ta hana ni yawo.

Ranar Juma'a na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ganyen shuɗi, na sa mayafi. Cikin zauren akwai ɗan ɗaki da nike aje buhunan gujiya. Na sa Mansura ta kai mani kujera 'yar tsugune can, na zauna na bar ƙofa a sage, ina jan tazbaha.

Sai ga ƙarar moto. Ya kashe, ya yi sallama a hankali kamar mai tsoron tada bango, ya turo shi ciki ya kafe. Ya sha farar shadda, guga har tana yanka. Ya shafa ƙunshin baya ya ga yana nan, ya fita. Ƙamshin banda ya cika zauren, har ni sai da na haɗiyi miyau. Moton kuwa sai ƙas-ƙas yake, irin kukan ƙarfe in ya sha tahiya.

Mansura ta wuce cikin leshinta, turare na bin ta, ta harari ƙofar ɗakin gujiya ta fita.

Ban ja tazbaha ta zagayo ba sai ga mutuniyar. Ta leƙo daga cikin gida, kunnen nan baƙi a tsaye. Ta duba dama, ta duba hagu. Ɗingishin ma ta manta da shi. Ta zo gindin moto ta ɗaga kai tana shinshina. Ƙunshin na can sama, ba ta kai ba. Mi ke tsakaninta da shi kamar matakala? Salansa, ƙarfen nan mai fidda hayaƙi. Ta miƙe bisa ƙafafun baya, ta ɗaga hannu za ta ɗora.

Na ce, "Kul!"

Na wawuro ta da mayafi. Gwiwar da ta hana ni yawo, ranar ban san inda ta tahi ba.

Na duƙa na duba ƙarfen. Ga su nan, 'yan sawu ƙanana bisa salansa, wasu bisa wasu, har da farin gashi da ya manne ya ƙone. Na tofa miyau. Ya ce tsuuu, ya bushe nan take.

Na ɗaga murya: "Safi! Sa'idu! Ku zo zaure!"

Sai can daga ɗaki Safi ta ce, "Inna, akwai baƙo fa."

"Na san da baƙo, ni na gayyato shi. Ki fito, ko in aiko shi ya fito da ke!"

Ta fito ta ja mayafi har hanci, tana tahiya kamar bisa ƙaya. Sa'idu na biye, dama bai fita ba, yana jiran rana ta faɗi. Su Mansura sun ji hayaniya sun leƙo. Maiwada na ganin iyaye ya zube ƙasa bakin ƙofa, farar shadda cikin turɓaya, kai tsakanin gwiwoyi.

Na ce, "Safi, tsaya nan kusa da moto. Kar ki ce komi. Kallo kawai."

Na aje Larai ƙasa can bakin ƙofar cikin gida, na sake ta.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga mutane cike da zaure, amma 'yar banzar nan ko a jikinta. Ta taho kai tsaye, ta ratsa ta tsakanin ƙafafun Sa'idu, ta zo gindin moto, ta miƙe, ta ɗaga hannu.

Safi ta ƙwalla ƙara, "Wayyo za ta ƙone!" Ta yar da mayafi ta cafke ta ta rungume. Gefen hannunta ya ɗan shafi ƙarfen, ta yi tsalle tana yarfewa.

Na ce, "Ya kika ji abin gidan su Ɗanasabe? Da zafi ko?"

Sa'idu ya juya ya ba bango fuska, kafaɗunshi na rawa. Mansura ta toshe baki da gefen gyale. Safi na tsaye ba mayafi gaban saurayin ɗiyarta, mage a ƙirji, ta rasa wanda za ta rufe, kanta ko fuskarta.

Na nuna masu sawun. Na nuna masu takardar kifi. Na ce, "Ga wutar da likita ya ce a nemo. Yau ta hau da dama ta ƙone, sati mai zuwa ta ce bari in gwada hagu. Wanga shi ne iskan da ke canza ƙafa. A kira Tsahara a gaya mata an kama shi, yana shan isansi, man moto."

Maiwada dai bai ɗago ba. Ya ce, "Hajiya, a gafarce ni. Wallahi ban sani ba. Ashe ni ke cutar da ita. Daga yau waje zan bar moton, ko su karya madubin."

Bai san an yi mashi ƙazafi ba, bai san yau aka shirya korarshi ba. Abin da ya dame shi ƙafar mage. Na dubi Sa'idu don in ga ko ya ji. Ya ji.

Na ce, "Tashi, mijin. Laifinka ɗaya, kunya ta yi maka yawa. Wa ya ce maka ana jin kunyar mata? Daga yau in ka zo ka kwance kifina da hannunka, ka kawo mani har ɗaki, ka zauna in gan ka. Moto kuma in ya huce a shigo da shi."

"To, Hajiya."

"Kwance mana. Ko sai ta sake hawa?"

Ya tashi ya kwance, ya miƙo da hannu biyu. Na amsa. Manya ne kuwa, bai yi ƙarya ba.

Na juya wurin autana. "Rana ba ta faɗi ba, Sa'idu."

Ya shafa gemu. Ya dubi ɗiyarshi, ta sunkuyar da kai. Ya dubi yaron. Ya ce, "Maiwada, in ka koma ka gaida manya. Ka ce ina son ganinsu."

Mansura ta ruga cikin gida da gudu har tana tuntuɓe da leshi. Maiwada ya sake zubewa, wanga karon ban hana shi ba.

Ina cewa an gama. Sai na ga Safi ba ta motsa ba. Fuskarta ta yi wani iri, ba ta kunya ba, ta wanda ya tuna ya bar tukunya bisa wuta.

"Mi ne ne kuma?"

Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Inna... jiya da maigida ya ce za a ba yaron haƙuri... na aika wa Hajiyar su Habib saƙo. Na ce mata hanya ta buɗe. Ta ce yau bayan la'asar za ta shigo da kanta, ita da ƙannenta, a fara gaisawa."

Sa'idu ya ce, "Kika yi mi?"

Bai rufe baki ba muka ji mota ta tsaya ƙofar gida. Babba, irin mai numfashi a hankali. Aka buɗe ƙofa ɗaya, aka buɗe ta biyu. Ƙamshin turaren wuta ya riga su shigowa, ya zo ya yi karo da na banda.

Sa'idu ya fara waige-waige. "Maiwada, yi sauri, fidda moton ta baya."

Na ce, "Kar wanda ya taɓa shi. Nan zai tsaya, inda duk mai shigowa zai gan shi. Kai kuma Maiwada, koma bisa bencinka ka zauna, ka gaishe su da kyau in za su wuce. Safi, ɗauki mayafinki, ki kawo babbar tabarma ki shimfiɗa nan, gefen moto. Kawo mani Larai."

Na zauna tsakiyar zaure, na gyara atamfata, na aje ƙunshin kifi gabana, mage bisa cinya. Ba ni da haufi ko kaɗan. Ɗana bai ba da baki ba, kuma maganar da ya yi yanzu gaban shaidu ya yi ta.

Ran da Alhajina ya rasu, matar nan direba ta aiko mani. Na amsa, na aje. Yau ga ta da ƙafarta, tana sallama bakin zaurena.

Na shafa kan Larai, na ce, "Wa alaikumus salam. Hajiya, ashe kin san hanya. Shigo, amma ki yi hankali da ƙarfen nan, yana ƙuna."